Ƙanƙarar da ta Mayar da Inna Gida

Mahaifinmu maƙeri ne a Roni. Maƙerarsa tana ƙofar gida, a ƙarƙashin wata rumfar kara da ake sake wa rufi bayan kowane girbi. Manoman gero da gyaɗa su ne mutanensa, wannan ya kawo fartanya a ƙara mata baki, wancan ya sa a ƙera masa sabuwar garma kafin ruwan shuka ya sauka. Mu uku muka rayu cikin 'ya'yan Inna: Yaya, wanda shi ne ɗan fari, sai yayata da aure ya kai ta Gwiwa, sai ni auta.

Tun yana ƙarami Yaya ne mai zuga wa Baba wuta. Ina tuna shi a durƙushe, hannu ɗaya a kan kowane zugazugi, yana danna wannan yana sakin wancan, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Da aka sami 'yancin kai, aka shiga neman yaran Arewa da za a koya wa aikin hannu na zamani, sai hedimastansu ya ba da sunansa. Ya tafi makarantar koyon sana'a, daga can aka ɗauke shi aiki a filin jirgin sama na Kano, cikin masu gyaran inji. Har jaje aka zo yi wa Baba, wai ya rasa magaji. Shi kuwa cewa ya yi ai can ma ƙarfe yaron zai taɓa, Allah dai ya yi masa albarka.

Inna ba ta taɓa kama sunan Yaya ba, saboda alkunyar ɗan fari. Ko yana zaune a gabanta, ni za ta duba ta ce, “Ki ce wa yayanki abinci na ɗaki.” In ya kawo mata turmin atamfa sai ta ture gefe kamar ba ta gani ba, sai ya koma Kano ta ɗauko ta yi ta shafawa. Kuma ba matsoraciya ba ce. A gabana ta kashe kububuwa a gindin rumbu da taɓarya, ta koma kan tuyar ƙulinta kamar ba a yi komai ba. Ita ake aikowa a kira in haihuwa ta zo wa mace da gardama a unguwarmu. Na faɗi wannan ne don daga baya na ji masu cewa ragwanta ce ta hana ta, kuma ba haka ba ne.

Burinta a duniya guda ne, ta ga Ka'aba da idonta. Kakanta ya je Makka a ƙasa, ya yi shekaru a hanya yana noma wa mutane a Sudan don ya sami guzurin gaba, ya dawo da furfura. A gabansa ta tashi, kuma labaransa ta haddace. Ta san sunayen garuruwan da ya yada zango fiye da yadda ta san ƙauyukan da ke tsakaninmu da Babura.

Bayan yaƙin basasa sai kuɗin mai suka shigo ƙasa. Mu a ƙauye ba mu ga man ba, amma mun ga kwalta, mun ga siminti da rufin kwano, mun ga rediyo a rataye a kafaɗar kowane saurayi. Abin da ya fi ɗaukar hankalin Inna shi ne yadda zuwa Makka ya sauƙaƙa. Duk shekara sai mutanen ƙasarmu sun dawo da haƙorin zinari da akwatin ƙarfe, har waɗanda ta girma. Ba ta cewa komai, sai dai ta je barka, ta sha zamzam, ta dawo gida.

A shekarar da aikin hajji ya faɗo a ƙarshen damina, Yaya ya zo ya durƙusa gaban Baba ya ce ya biya musu kujera, Baban da Inna, ya kuma haɗa da ni don in kula da su. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Kazaure, maigidana kuma bai yi musu ba. Inna tana bakin murhu ta ji. Ba ta juyo ba, amma na ga ludayin hannunta ya tsaya a cikin tukunya. Can ta ce, “Ki ce masa Allah ya ba shi masu yi masa.”

Ta yi guzuri kamar wadda za ta bi hanyar kakanta: dambun nama, garin kunu, yaji, kuka, daddawa, da ƙuli da ta soya da hannunta. Ta bi gida-gida tana neman gafara. Mata suka yi ta ba ta saƙon addu'a, wannan haihuwa take so, waccan ɗanta ne ya tafi Legas ya yi shiru. Duk ta karɓa ta ce za ta isar. Ranar da muka bar Roni gero ya fara nuna, har an fara gasa tumu a bakin hanya.

Mun yi 'yan kwanaki a sansanin alhazai a Kano kafin layi ya zo kanmu. Da la'asar aka shigar da mu jirgi, wani ƙato mai inji huɗu, biyu a kowane fiffike, wanda aka ɗauko haya daga wata ƙasa don jigilar alhazai. An yi zafi sosai ranar, irin zafin da ke zuwa gabanin ruwa, kuma gabas ta yi baƙi. Inna ta ce ita taga take so, tana son ta ga hanya. Tagar tana bayan fiffike kaɗan, ana hangen injinan biyu sarai. Na zauna kusa da ita, Baba kuma a gefena. Na ɗaure mata ɗamarar kujera, tana dariya tana cewa an ɗaure ta kamar akuyar kasuwa.

Tashin bai ba ta tsoro ba. Da jirgin ya bar ƙasa sai ta manna goshinta a gilashi tana nuna min gonaki, sun zama kamar facin zane, da wani tafki da ke ƙyalli. Muka yi ta hawa. Can muka shiga cikin hadari, tagar ta yi fari, sannan ta yi duhu. Jirgin ya fara rawa kamar mota a kan hanyar da ruwa ya zaizaye. Muka ji wani abu na bugun jikinsa, kamar ana watsa tsakuwa a rufin kwano.

Sai ƙara. Ban taɓa jin irinta ba sai bindigar maharba in an harba ta kusa da kunne. Ta yi sau ɗaya, ta sake, ta sake, kowace da jijjigar da ake ji har cikin haƙora. Na waiwaya wajen taga, na ga wuta tana tsartuwa daga injin da ke kusa da mu, ta baya da kuma ta baki, ja da shuɗi, tana haska fuskar Inna. Jirgi ya kaure da salati. Wata mata a bayanmu ta yi ta kiran sunayen 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Baba ya kama hannuna yana maimaita kalmar shahada a hankali. Inna kuwa wutar take kallo. Ba ta rufe ido ba, ba ta kuma kau da kai daga tagar ba.

Duk abin bai daɗe ba. Ƙarar ta tsaya, wutar ta ɓace, kukan injin ya ragu a wannan gefen. Muka fito daga cikin hadarin zuwa haske. Matuƙin ya yi magana da Turanci ta lasifika, jagoranmu ya fassara, ya ce an kashe inji guda, sauran ukun lafiyarsu lau, za a koma Kano a sauka. Amma ba a sauka nan take ba. Jirgin ya yi ta kewaye, sai ga wani abu fari yana zuba daga ƙarshen fiffike kamar ana tsiyayar da ruwa daga buta. Nan ne Inna ta fara magana.

“Auta, yoyo yake yi.”

Ni ma abin da na ɗauka ke nan. Sai daga baya na ji cewa mai ne matuƙin ya zubar da gangan, don jirgin ya yi nauyi da yawa, ba zai sauka da shi duka ba.

Muka sauka lafiya, motocin kashe gobara na bin mu a guje. Ko ƙwarzane babu wanda ya yi. Mutane suka sauko suna sujada a kan kwalta. Aka mayar da mu sansani, aka ce za a kawo wani jirgin.

Kashegari da hantsi Yaya ya zo, da kayan aikinsa a jiki, hannunsa duk baƙin mai. Yana cikin waɗanda aka kira su buɗe injin. Ya same mu a inuwar wata darbejiya, Inna a kan tabarma da kokon kunu a gabanta, ko kurɓa ba ta yi ba. Ya gaishe su ya zauna. Na san shi, mutum ne da ya yarda cewa in ka fahimci abu to tsoronsa ya tafi, don shi haka abin yake a wurinsa. Sai ya fuskanci Baba, amma da Inna yake.

“Baba, injin nan zugazugi ne, ba wani abu ba. Ta baki yake shaƙar iska. A cikinsa akwai farfeloli a jere, ɗaya bayan ɗaya, kowace da 'yan fukafukan ƙarfe sirara kamar ruwan wuƙa. Ta farko ta matse iskar ta miƙa wa ta biyu, ta biyu ta ƙara matsewa ta miƙa gaba, har ta kai inda ake fesa mata mai, wuta na ci. Wutar ta fita ta baya da ƙarfi, shi ke tura jirgin. To in wani abu ya dagula shigar iskar, farfelolin gaba suka kasa riƙe ta, sai wadda aka matse a ciki ta juyo da baya ta fito ta baki, ta jawo wuta. Ƙarar da kuka ji ke nan.”

Baba ya gyaɗa kai, har ya ɗan yi murmushi. “Kamar ran da ka saki zugazugi da garaje, ya zuƙo garwashi ya ƙona min fatar.”

“Kamar ranar, Baba. Ba injin ne ya kama da wuta ba. Da matuƙin ya rage masa mai ai kun ji ya yi shiru. Ya kashe shi ne don kada ya ƙara lalacewa.”

Inna ta dube ni. “Tambaye shi abin da ya dagula iskar.”

“Ƙanƙara ce,” in ji Yaya.

“Ƙanƙara? Jiya da muke ta fifita? Ki ce masa ni ba yarinya ba ce da za a rarrasa da tatsuniya.”

Ya rantse mata. Ya ce duk yadda ƙasa ta kai da zafi, in aka yi sama sosai sanyi ne da ba a san irinsa a nan ba. Ruwan da ke cikin hadari yana taɓa leɓen injin sai ya daskare, ya yi ta taruwa. Akwai bututu da ke kawo iska mai zafi daga cikin injin don ya ɗumama leɓen, amma in hadarin ya yi kauri, ƙanƙarar ta riga ta taru kafin zafin ya ci ƙarfinta, sai ta ɓantare gaba ɗaya, injin ya haɗiye. Ban da wadda ke faɗowa dunƙule-dunƙule daga cikin hadarin kansa, wadda muka ji tana bugun jikin jirgi. Ya ce da idonsa ya ga 'yan fukafukan farfelar gaba sun lanƙwashe a baki.

Inna ta juya kokon a hannunta. Sannan ta dube ni ta ce, “Ita kaɗai ce ke sa haka?”

Da a nan ya tsaya, ko kuma da ya ce mata rani da damina jirage na tashi ba abin da ke samun su, ina jin da labarin nan ya zama wani daban. Amma an tambaye shi abin da ya sani, kuma bai iya ɓoye gaskiya ba. Ya ce a'a, tsuntsu ma na sa haka, in ungulu ko shirwa ta faɗa bakin injin lokacin tashi, shi ya sa ake da masu korar tsuntsaye a filin. Ruwan sama in ya yi yawa yana iya shaƙe shi. Iska in ta bugo daga gefe da ƙarfi takan hana shi shaƙa daidai. Haka in fukafukan sun cinye saboda daɗewa, shi ne aikin da su Yaya ke yi kullum, su leƙa da tocila su auna su canja. Ko matuƙi ya danna mai da sauri fiye da kima. Kowanne ya faɗa sai ya faɗi maganinsa, yana kwatantawa da hannu, fuskarsa na haske, don yana son aikin nan kamar ransa. Baba ya matso yana ta tambaya, wane irin ƙarfe ne wannan da wuta ba ta narkar da shi. Ni ce kaɗai ke kallon Inna. Magungunan ba su shiga kunnenta ba.

“Har shirwa,” ta ce a hankali. “Shirwar da ke ɗauke min 'yan tsaki.”

Ba ta ce ta fasa ba. Ranar da sabon jirgi ya zo ta yi wanka ta sa fararen kayanta, ta ɗauki jakarta ta shiga layi tare da mu. Muka taka har gindin matakala. Daidai lokacin wani jirgi a can gefe ya tada injinsa, kukan ya fara siriri yana hawa. Sai na ji hannunta ya yi nauyi a kafaɗata. Ta sulale ta zauna a kan kwalta. Na ɗaga ta, ta sake zama. Mutane na ratsa mu suna hawa. Wani malami daga cikin jagorori ya tsaya ya yi mata nasiha, ya ce ajali ba ya wuce lokacinsa, ko a sama ko a kan gado.

“Na sani, Malam,” in ji ta. “Wallahi zuciyata ta yarda. Ƙafafun ne suka ƙi.”

Baba ya ajiye jakarsa ya ce to mu koma gida gaba ɗaya. Nan ta ɗago ta dube shi da idon da na san ba a yi masa gardama. Ta ce in ya fasa saboda ita ba za ta taɓa yafe wa kanta ba. Ta ce da ni in riƙe shi da kyau wajen jifa, kada a ture shi. Ta kwance ƙullin yajinta da dambun ta tura cikin jakata. Yaya, da ya zo rakiya, ya ɗauki kayanta. Da na kai ƙofar jirgi na waiwaya, na hango su suna komawa, yana gaba tana biye, da 'yar tazara a tsakaninsu kamar kullum.

Mun yi aikin hajjinmu lafiya, ni da Baba. Jirgi ya kai mu ya dawo da mu, ko tari bai yi ba. Ranar da muka fara ganin Ka'aba Baba ya juya hagunsa zai yi wa Inna magana, ya ga baƙuwar fuska, ya mai da idonsa gaba. Na yi ƙoƙarin tuna saƙonnin matan unguwa da aka ba Inna, na isar da waɗanda na tuna.

Da muka dawo Roni ta tarye mu da guɗa, ta yanka kaji, ta raba dabino da zamzam da hannunta ga masu zuwa barka. Wasu matan, don kara, suka fara ce mata Hajiya. Ta hana. Ta ce ita Kano ta je ta dawo. Wasu kuma ba su yi karar ba, ana ta ƙus-ƙus a gidan biki, kuma duk yana dawo mata. Ta rage fita. Ta taɓa sa ni in tambayi Yaya ko har yanzu ana bin hanyar ƙasa, ya ce yaƙi ake yi a Chadi, babu mai ratsawa.

Damina biyu ko uku bayan haka, ina gida hutu, aka yi ruwa da ƙanƙara a Roni, irin wadda ke yayyaga ganyen gero. Yara suka fita suna tsinta suna tsotsa. Inna ta miƙa ƙwarya ta tari wasu, ta zauna a ƙofar ɗaki tana kallon su. Ta ɗauki guda ta matse a tafinta, ta ƙwanƙwasa ta a bakin turmi ta ji taurinta.

“Daga can sama take zuwa ko?”

Na ce daga can.

“Ashe yaron nan gaskiya ya faɗa.”

Zuwan Yaya na gaba, bayan ya ci abinci, sai ta yi abin da ban taɓa gani ba. Ba ta neme ni ba, ko da yake ina wurin. Ta dube shi kai tsaye ta ce, “Kai, tun da ka fara aikin nan, jirgi nawa ka ga ya tashi?”

Ya rikice har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce ba su ƙirguwa.

“Nawa suka dawo kamar namu?”

“Kaɗan ne, Inna. Sai a daɗe ba a gani ba.”

“A cikin waɗanda suka yi wannan ƙarar da wutar, nawa ka ga sun faɗo?”

“Ni dai ban taɓa gani ba. An gina su ne yadda ko inji ɗaya ya mutu sauran za su kai shi.”

Ta daɗe tana kallon tabarma. Sannan ta ce, ba da faɗa ba, “To me ya hana ka fara da wannan ranar?”

Ya faɗa min daga baya cewa ya yi tsammanin ya faɗa. Wataƙila ma ya faɗa, a tsakiyar zancen ungulu da farfela, inda ba wanda zai ji.

A ranar ta ce ta shirya, duk lokacin da Allah ya hore za ta hau. Sai dai duniyar ta riga ta juya. Kuɗin mai sun ja baya, kaya sun yi tsada, kujerar Makka ta zama sai wane da wane. A wajen su Yaya aka fara rage ma'aikata, jiragen da yake gyarawa suka yi ta zama a ƙasa babu kayan gyara, har takardar sallama ta iso kansa. Ya dawo Kazaure ya buɗe 'yar rumfa yana gyaran injin niƙa da na ban ruwa na masu lambu a bakin dam. Duk shekara ya ce mata baɗi, ita kuma ta ce Allah ya kai mu. Ta ajiye fararen kayanta a ƙasan akwati da kanumfari, takan fito da su ta shanya in damina ta wuce.

Baba ya riga ta tafiya. Bayan ta fita takaba da 'yan watanni, wata safiya tana tankaɗe sai rariya ta faɗi daga hannunta, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ta yi shekara da wani abu a kwance, ni da yayata ta Gwiwa muna karɓa-karɓa. Bakinta ya karkace, amma hankalinta na nan. In lokacin tafiyar alhazai ya zo takan sa a kunna mata rediyo ta ji an ce jirgin farko ya tashi. Ta rasu da bazara, ana jiran ruwan shuka.

Yaya bai bar maganar ba. Ya yi ta tara kuɗi har ya je ya sauke nasa faralin, ya sake tarawa na wasu shekaru, ya koma ya yi mata hajjin, lokacin shi ma gemunsa ya yi fari. Da ya dawo daga wannan na biyun ya zo gidana da yamma, na shimfiɗa masa darduma a tsakar gida. Na tambaye shi hanya. Ya ce lafiya ƙalau, jiragen yanzu ko kukansu ba a ji sosai. Ya ce kusa da shi a jirgin wata tsohuwa ce daga wajen Kanya Babba, ta fi shekarun da Inna ta yi a duniya nesa, jikarta ce ta rako ta. Tun a ƙasa take jan carbi ido rufe. Sun daɗe a sama, har an kawo abinci, sai ta buɗe ido ta taɓa hannunsa ta ce, “Ɗana, wai yaushe za mu tashi ne?”

Ya ce nan take Inna ta faɗo masa a rai. Jikar ce ta gaya mata ai tuni an tashi.

Muka zauna har aka kira magariba. Ya tashi ya sa takalmansa, ya ce da safe akwai injin wani mai lambu da ke jiran sa, tumatirin mutumin ya fara bushewa.